Yadda Aka Rufe Shagunan Bappanku Sali

Na sha jin ku kuna gaya wa mutane cewa babanku ya yi faɗa da masu caca, shi ya sa aka ɗauke shi daga kujerarsa aka jefa shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayil har ya yi ritaya. Ban taɓa gyara muku ba, don labarin yana yi mini daɗi. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma an yanke masa kai da ƙafa, kuma abin da aka yanke ɗin shi ne ya shafi ƙanena, Bappanku Sali, wanda har yau wasunku ke noƙe kafaɗa idan aka ce a je gaishe shi. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin kai ni masallaci sai da sanda, gara in ba ku shi yadda ya faru.

Cikin 'ya'yan da Dada ta haifa, mu biyu muka rayu, ni da Salihu, kuma akwai shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Ni aka sa boko, na zo Yola na kama aikin gwamnati, na yi aure, na gina gidan nan na Jambutu bulo bayan bulo. Sali bai wuce sakandare ba. Ya zauna a Mubi tare da Dada, ya buɗe ɗan shagon cajin waya, daga baya ya haɗa da gidan kallon ƙwallo. Ni ke aika abin cefane duk wata, ni na canja kwanon rufin ɗakinta, ni na biya kuɗin aikin idonta. Amma idan na je gaisuwa, sai ta tambaye ni aiki da iyali a taƙaice, ta sa mini albarka, sannan ta gyara zama ta shiga ba ni labarin abin da Sali ya faɗa jiya da ya sa ta dariya har ta ƙware. Ni ana girmama ni, shi ana son sa. Tun ina saurayi na san bambancin, sai dai ban taɓa ba shi suna ba.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, sun iso mana a bayan tifa, bayan sun yi kwana biyu suna ratsa daji da ƙafa. Sali ne ya goyo Dada a wuraren da ta kasa tafiya. Da matarsa da 'ya'yansa biyu, da wasu maƙwabtansu da ba su da kowa a Jimeta, duk nan suka sauka. Manyanku za su tuna yadda aka shimfiɗa tabarmi har cikin zaure, da yadda Innarku ta koma girki a tukunyar biki. Filin da na saya don in gina muku, shi na sayar muka ci. Ba na gori. Ina faɗa ne don ku san inda zuciyata take lokacin da abin ya fara juyawa.

Sali bai iya zama ba aiki ba. Bai yi wata biyu ba ya ce in ara masa talabijin ɗin falo da ƙaramin janareto, ya sami wani kango a bakin titi ya kafa benci, samari suka fara zuwa kallon ƙwallo. Garin a cike yake da samarin da aka koro daga garuruwansu, ba makaranta, ba gona, ba abin yi. Can sai wani kamfanin cacar ƙwallo ya neme shi ya zama ejansu. Suka ba shi na'urar buga tikiti. Yaro zai zo ya zaɓi wasanni, ya ce wannan zai ci, wancan za a yi kunnen doki, ya biya, a ba shi 'yar takarda. In duk ya dace a biya shi, in ɗaya ya kuskure shi ke nan. Ejan kuwa ba ruwansa da wa ya ci wa ya faɗi, kamashonsa na nan.

Ranar da na gane abin da ake yi a kangon, na kira shi gaban Dada.

"Sali, caca ka shigo mana da ita gida?"

"Hamma," ya ce, yadda ƙane ke kiran wansa a gidanmu, "ni ban taɓa bugawa ba. Takarda kawai nake fitarwa. In ban yi ba wani zai yi, kuma a layin nan zai yi."

Dada ba ta ɗaga murya ba. Da Fulatanci ta yi maganar, kamar yadda take yi idan abu ya yi mata nauyi. Ta ce ita ba za ta ci ƙwayar shinkafa ɗaya da ta fito daga wannan takarda ba, kuma kada ya kawo. Ya ce ya ji. Bai kawo ba, bai kuma daina ba.

Kafin shekara uku yana da shago biyar a Jimeta. Ya kwashe iyalinsa ya koma wani gida mai bene a Alkalawa, ya sayi mota irin wadda daraktanmu ke hawa. Dada ta ƙi binsa, ta zauna a nan, kuma na ji daɗin haka fiye da yadda ya kamata. Na ɗauka a ƙarshe ta auna mu ta ga wanda ya fi nauyi. Sai dai kullum bayan la'asar takan sa a kai mata tabarma kusa da ƙofa, ta ce iska take sha. Da ta ji hon ɗin motarsa sai fuskarta ta washe. Zai shigo hannu rabbana, tunda ta hana shi kawo komai, ya zauna a ƙasa yana matsa mata ƙafa yana ba ta labari, tana ce masa ɗan banza tana dariya. Ni da na dawo daga ofis da ledar maganinta a hannu, sai in tsaya in ji dariyar daga zaure kafin in yi sallama.

A waje ma haka. Idan azumi ya zo yakan kai buhunan shinkafa makarantar firamaren da aka tsugunar da 'yan gudun hijira, a ɗauki hoto, a yi ta sa masa albarka. Mutanen da suka ci tuwon gidana wata da watanni, in na haɗu da su a kasuwa, gaisuwarsu ba ta wuce su ce in gaida Alhaji Sali. Eh, ya riga ni zuwa Makka.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne ranar ɗaurin auren 'yar'uwarku Aisha, a ƙofar gidan nan. Zaɓe na ƙaratowa, kuma 'yan siyasa sun gane cewa duk wanda ke son samari to shagunan bet, wato na cacar ƙwallon nan, zai je, don can suke yini. Akwai wani babba a cikinsu, ba zan kira sunansa ba, Honorabul kowa ke ce masa. Fastocinsa ne manne a bangon duk shagunan Sali, shi ke biyan kuɗin kallon manyan wasanni samari su shiga kyauta, ya kuma naɗa Sali shugaban matasansa na unguwanni uku. Ana cikin raba goro sai ga jerin motoci. Mutane suka miƙe. Ni ma na miƙe na gyara babbar rigata na nufe shi da hannu biyu, ni ne uban amarya. Ya ba ni yatsu uku idonsa na kan taron.

"Ina Alhaji Sali?"

Sali ya taso, suka rungumi juna. Sai wani na kusa da Honorabul ya nuna ni ya ce:

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne yayan Alhaji Sali."

"Allah sarki. Ashe kai ne. Ƙanenka mutumin kirki ne, ka riƙe shi da kyau."

Shekara ashirin da bakwai ina aikin gwamnati a garin nan. A ƙofar gidana, ranar auren 'yata, sunana ya zama yayan Sali. Na yi murmushi, na ce na gode. Naman da aka ci ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Ba a yi wata biyu ba sai ga dama ta zo har teburina. Iyaye sun yi ta kuka cewa yara na guduwa daga aji su tafi shagunan bet da kuɗin makaranta. Limamai da fastoci suka haɗa takarda ɗaya suka sa hannu, abin da ba kasafai suke yi ba. Gwamnati ta kafa kwamiti ya tsara ƙa'idojin ba da lasisi, aka ɗauko ni daga ofishinmu aka ce ni ne sakatare. Sakatare ba ya jefa ƙuri'a, amma shi ke riƙe da biro, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da aka rubuta a daftarin farko shi ke da wuyar gogewa. Aka haɗa ni da wata lauya, Madam Rifkatu, 'yar wajen Ganye, mace mai kaifin ido da ba ta son ɓata lokaci.

Mun yi aiki mai kyau, wannan kam zan faɗa. Mun rubuta cewa kada shago ya kasance kusa da makaranta ko masallaci ko coci, muka faɗi tazarar a fili. Mun rubuta cewa a rufe su a lokutan karatu, kuma ba mai buga tikiti sai ya nuna katin da ke tabbatar da ya kai shekara goma sha takwas. Da an bar waɗannan yadda suke, da yau ina da abin da zan yi alfahari da shi. Uku daga cikin shagunan Sali ma ba su taka ko ɗaya daga ciki ba, sauran biyun kuwa sai dai ya matsa da su gaba kaɗan. Na san haka domin ranar wata Asabar na ɗauki mota na zagaya su ɗaya bayan ɗaya ina auna tazarar da ido. Da na dawo gida na ga ƙa'idojinmu ba za su taɓa shi ba, sai na ji kamar an ƙwace mini wani abu.

Ranar Litinin, kafin a kai daftarin wurin mai buga takardu, na ɗauki jan biro na ƙara sakin layi ɗaya a gefen shafi. Na ce duk mai neman lasisi sai ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara biyar a jere a ƙaramar hukumar da shagonsa yake. Na san Sali bai kai shekara huɗu a Jimeta ba. Na san takardunsa na Mubi sun ƙone tare da shagonsa.

Madam Rifkatu ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Umaru, wannan wa zai kama?"

"'Yan damfara. Masu buɗewa yau su gudu gobe da kuɗin mutane."

"Ba 'yan damfara zai kama ba. 'Yan gudun hijira zai kama. A cocinmu kaɗai na san mutum uku da ke wannan aikin, daga Michika suka zo da rigar jikinsu. Kuma an ce mini kai ma ƙanenka yana ciki."

"Doka ba ta da ƙane, Madam."

Ta mayar da tabaraunta.

"To. Amma ka bar shi da rubutun hannunka a fayil. Ni ban rubuta wannan ba."

Na ji daɗin amsar da na ba ta har na maimaita wa kaina a mota. Na ce ai caca haramun ce, ai Dada ma ba ta so, ai raba shi da ita taimakonsa ne. Duk gaskiya ne. Ba ko ɗaya a ciki da ya sa na ɗauki biron.

Sali ya ji ƙishin-ƙishin ana rubuta doka. Ya same ni a ofis da rana, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a kujerar baƙi yana juya makullin motarsa.

"Hamma, an ce kai ke rubutawa. Ban zo in ce ka yi mini alfarma ba. In an ce mu matsa daga makaranta zan matsa, in an ce a duba kati zan duba, dama yaran nan suna damuna. Kawai ka gaya mini in akwai abin da ya kamata in shirya."

Da na ce masa ya je ya nemi takardar haraji ko ya haɗa gwiwa da wani ɗan gari, da ya sami hanya, yana da wata uku a gabansa. Na buɗe wani fayil da ba ruwansa da maganar na ce:

"Ni sakatare ne kawai. Abin da manya suka ce shi nake rubutawa. Kai da kake da Honorabul, me zai same ka?"

Ya yi dariya ya ce haka ne. Ya tambaye ni ko maganin hawan jinin Dada bai ƙare ba, ya tafi.

Zaman ƙarshe na kwamitin ba a ofis aka yi shi ba. An ce za a ji ra'ayin masu ruwa da tsaki, aka kai mu ɗakin taro na wani otal, kuma ba gwamnati ta biya kuɗin ɗakin da abincin ba. Wani babban kamfanin bet ne, ba wanda Sali ke wa aiki ba, abokin hamayyarsa. Sun zo da lauyansu daga kudu, da gyare-gyarensu a buge cikin fayil mai sheƙi, kowane ɗan kwamiti da nasa, kuma na lura na wasu ya fi na wasu kauri. Limamin da faston da aka gayyato an ba su minti biyar-biyar, aka tafa musu, aka raka su mota. Honorabul ba ɗan kwamiti ba ne, amma ya shigo ana tsakiyar zama ya ce gaisuwa ya zo yi, ya zauna kusa da ciyaman bai tashi ba sai da aka gama.

Ina zaune ina rubuta bayanin taro aka yi wa aikinmu fiɗa. Tazarar da muka faɗa a fili ta koma "tazarar da ta dace". Rufewa a lokacin karatu aka ce zai kashe aikin yi ga matasa, aka cire. Duba kati aka bar wa mai shago ya yi amfani da hankalinsa. Madam Rifkatu ta yi magana sau biyu, ciyaman ya ce an ji, za a duba. Da aka zo kan sakin layina, lauyan kamfanin ya ɗaga takardar sama.

"Wannan kam ba mu da gyara. Duk wanda ya rubuta shi ya san aikinsa."

Honorabul ya gyaɗa kai. Madam Rifkatu ba ta dube ni ba, ta tattara takardunta ta sa a jaka. A nan na fara gane abin da na yi, amma ko a lokacin, in na ce muku baƙin ciki kaɗai na ji na yi ƙarya. Wani ɓangare na zuciyata yana lissafin ranar da za a kai wa Sali takarda.

Daga baya na san sauran. Surukin Honorabul yana da wani tsohon kamfani mai rajista da takardun haraji na shekaru, wanda ba ya komai sai kwangilar share magudanan ruwa. Wannan kamfanin ne babban kamfanin bet ɗin ya ɗauka ya zama wakilinsa na jiha. Su kuma suka ɗauki nauyin motocin kamfen ɗin Honorabul da rigunan samari. Abin da ya rage musu shi ne yadda za a kawar da ƙananan ejan da suka riga suka kama wurare masu kyau, ba tare da an ce Honorabul ya ci amanar yaransa ana gab da zaɓe ba. Sai ga wani sakatare ya kawo musu wuƙar har da kube.

Ranar da 'yan kwamitin aiwatarwa suka fita da kwaɗo da jan fenti, shagon Sali biyar suka rufe kafin azahar. Ya tafi gidan Honorabul, aka ce yana Abuja. Ya koma washegari, aka ce yana barci. Kafin sati uku an buɗe shagunan duka da sabon fenti da sabon suna, masu gidajen sun ba sabon ɗan haya, har yaran da ke buga wa Sali tikiti su aka bari. Wanda ke kallon ƙofar makarantar sakandare, wanda Sali ya ce zai matsa da shi, yana nan inda yake har yau.

A nan ne na rubuta takardar ƙorafin da kuka sani, shafi huɗu, na ce an cire duk abin da zai kare yara an bar abin da zai kare 'yan kasuwa. Ban ambaci wanda ya rubuta abin da aka barin ba. Takardar ta yi sati biyu a sama, sai ga tawa takardar canjin wurin aiki. Kunya ce ta sa na rubuta, ba jarumta ba.

Sali ya ci gaba da zarya gidan Honorabul har wani yaronsa ya gaji da ganinsa. Ya ce masa su daina ɗora wa Oga laifi, ya shiga ciki ya fito masa da kwafin daftarin farko. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gidan nan. Ba hon, don ya riga ya sayar da motar ya sallami masu binsa bashi. Ina zaure ina cire takalmi ya miƙo mini takardar. Jan biron ya fito baƙi a kwafin, amma hannun nawa ne, Dada ma da ba ta karatun boko za ta gane shi.

"Hamma, wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Kafin in zo ofishinka ko bayan na zo?"

"Kafin."

Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Na jira ya zage ni, na ma shirya amsa, da aya da hadisi. Bai ba ni damar amfani da su ba. Ya wuce ciki ya gaida Dada, ya daɗe, ya fito ya bi ta gabana ya tafi.

Gidan Alkalawa ashe bai gama biya ba, ya koma hannun mai shi. Wani kawun matarsa ya ba shi aron gona a Ngurore, ya ce zai koma can. Ana gobe za su tashi, na dawo daga aiki na tarar Dada ta ɗaure kayanta a zani biyu, tana zaune a kansu. Na durƙusa na ce me aka yi mata, wa ya ɓata mata rai.

"Ba wanda ya ɓata mini. Yanzu abincin gidansa ya halatta gare ni, zan je in ci."

"Dada, ai ke kika ce ba kya son sana'ar nan. Ni na raba shi da ita."

"Shekara uku ina tashi ina roƙon Allah Ya raba shi da ita, kuma Ya amsa. Amma kai ba don Allah ka yi ba, Umaru. Tun ranar auren Aisha nake ganin abin a fuskarka. Na yi ta jira ka zo ka gaya mini in yi maka addu'a kai ma, ba ka zo ba."

Na ce ba likita a kusa, ba wuta, gidan ma na laka ne. Ta ce ta san laka kafin ta san siminti. Ta sa mini albarka kamar kullum, cikakkiya, ba ta rage komai ba. Da safe a-kori-kura ta zo ta kwashe su.

Shekara biyu ta yi a Ngurore. Ina aika magani da direban haya, ina zuwa da Sallah in gaishe ta in juyo kafin la'asar, ni da Sali mu yi musabaha kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Ku kuma na bar ku kuna ce masa Bappa mai caca, ban taɓa tsawata muku ba. Ranar da ta rasu ina Gombe wurin wani bita da aka tura ni don ba wanda ke son zuwa. Sali ya kira ni da kansa da hantsi. Kafin in iso an kai ta. Na zauna zaman makoki kwana uku a ƙofar gidansa, mutane na shigowa suna wuce ni suna yi masa ta'aziyya, sai wani ya ce ai ga babban nan, sannan su juyo. Ban nemi a kai ni kabarin ba. Girman kai ya hana ni tambayarsa.

Yau ba a ma bukatar shago. Cacar ta koma cikin waya, tana aljihun kowane yaro, kuma na ji an sake kafa wani kwamitin. Honorabul ya ci zaɓensa, ya ci na gaba. Madam Rifkatu ta yi ritaya, mun haɗu sau ɗaya a layin tantance 'yan fansho, ta gaishe ni da mutunci, ba ta tayar da maganar ba.

Bara bayan an yi girbi na ce wa ɗan'uwanku Sadiq ya kai ni Ngurore, na ce ya jira ni a mota. Sali ya yi furfura, ya rame, ya yi baƙi. Gonar aro ta zama tasa, ya ƙara wata a fadama yana noman albasa da masara. Na same shi a ƙarƙashin rumfa da 'ya'yansa maza suna ɗure buhu, maƙwabta na shigowa suna ce masa Baba Sali, ana kawo masa ƙarar rikicin iyakar gona yana sasantawa. Na zauna ina kallo, kuma ga mamakina sai na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina, daidai inda yake motsawa a da. Mutumin da na tsiyata ya fi ni kwanciyar hankali. Sai dai wannan karon na san sunansa, na ce masa hassada, na yi a'uziyya.

Da mutane suka ragu na ce masa na zo neman gafara. Na faɗi abin da na yi da bakina, ban sa aya ba, ban sa hadisi ba. Ya murza ƙwayar masara a tafin hannunsa ya ce:

"Shagunan na yafe tun tuni, Hamma. Dada ba ta bar ni na huta ba sai da na faɗa a gabanta. Abin da ya daɗe yana cina shi ne ranar da na zo ofishinka. Ka dube ni ka ce kai sakatare ne kawai."

"Na sani."

"Shi ma na bar shi. Allah Ya yafe mana."

Na ce akwai abu ɗaya kuma. Ina so ya kai ni wurinta.

Maƙabartar tana bayan gari, muka tafi a ƙafa, yana rage sauri saboda sandata. Kaburburan duk iri ɗaya ne, tudun ƙasa da ciyawa ta bushe a kai, ba suna ba alama. Na tsaya ina dube-dube ko zuciyata za ta nuna mini, ba ta nuna mini komai ba. Shi kuwa bai ko duba ba, ya ratsa tsakaninsu kamar mai shiga ɗakinsa, ya tsaya gaban wani da aka share gefensa, aka jera masa duwatsu.

"Ga ta nan."

Ni ne babba, ni ya kamata in ja addu'ar. Ya jira ni. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Da ya ga haka sai ya matsa gaba ya ɗaga hannu ya fara, ni kuma na tsaya a bayansa ina cewa amin.